Me ya sa daula mai Star Destroyer 25,000 ta buƙaci siririn jirgin rakiya?

Cikin jiragen duniyar Star Wars, labarin nan na yaƙin sararin samaniya, babu wanda masu bin waɗannan finafinai a Gusau suka raina kamar Nebulon-B, kuma siffarsa ce ta ja masa. Gabansa wani dogon sashe ne a tsaye, mai kauri daga sama, yana tsukewa har ƙasa. Bayansa dunƙulen injuna ne. Abin da ya haɗa su kuwa wani siririn ƙugu ne da ido ke ganin bai kai ya riƙe nauyin da aka ɗora masa ba. Ƙanena da ke gyaran waya a Tudun Wada ya taɓa tsayar da fim daidai inda jirgin ya fito, ya miƙo mini wayar ya ce, "Yaya, wanga jirgi harbi guda ya ishe shi. A ba shi ga ƙugu, magana ta ƙare." Gaskiya ya faɗa, kuma za mu zo kanta. Amma akwai tambayar da ta riga wannan: Daula, wato gwamnatin da ke mulki a labarin tana yaƙi da 'yan tawaye, wadda ake cewa tana da manyan jiragen yaƙi na Star Destroyer wajen 25,000, me ya kai ta kashe kuɗi a kan irin wannan abu? A ganina amsar wannan tambaya ce ta sa Nebulon-B ya fi yawancin jiragen wannan duniya ma'ana.

Jirgin ya fara bayyana ne a ƙarshen fim ɗin The Empire Strikes Back na 1980, shi ne asibitin da aka sa wa Luke, jarumin labarin, hannun inji bayan Darth Vader, babban kwamandan Daula, ya sare masa nasa. Fim ɗin bai faɗi komai a kansa ba. Bayanansa sun fito ne daga baya, a littattafan wasa da kamfanin West End Games ya fara fitarwa a 1987 da waɗanda suka biyo bayansu. A 2014 masu mallakar labarin suka ware tsofaffin littattafan gefe guda, don haka wasu alƙaluma sun sha bamban a sababbin rubuce-rubuce. Na tsohon tsari zan bi, don sun fi cika. Tsawonsa mita 300 ne. Kamfanin Kuat Drive Yards ne ya ƙera shi, kamfanin da ke ƙera wa Daula Star Destroyer. Yana da manyan bindigogin leza 12 na dukan jirage, da ƙanana 12 na harbo jiragen farmaki, da na'urori biyu na janyo jirgi daga nesa. Ma'aikatansa da masu sarrafa bindigoginsa 920 ne, ga sojoji 75, ga guzurin shekara biyu, sannan yana ɗauke da TIE 24, wato ƙananan jiragen farmaki na Daula.

A ajiye wannan kusa da Star Destroyer, mai tsawon mita 1,600, mai mutane sama da 37,000, mai TIE 72. Ba a ma fara kwatantawa. Sai dai matsalar da ta addabi Daula ba irin wadda girma ke magancewa ba ce.

A wannan duniya, jirgi kan yi doguwar tafiya ne ta wata ɓoyayyar hanya da ta wuce saurin haske. Sai ya lissafa hanyarsa, ya yi tsalle ya ɓace, ya ɓullo a wata duniyar. Yana cikin tsallen nan, da wuya a taɓa shi. Amma ba ya iya tsalle kusa da duniya ko tauraro, saboda ƙarfin jansu yana hana shi. Dole ya yi nisa da injinsa na yau da kullum kafin ya ɓace, dole kuma ya ɓullo daga nesa ya ƙarasa a hankali. Hanyoyin da ke da aminci sanannu ne, kowa su yake bi. Ke nan mai neman tare jirgin kaya ba sai ya yi yawo cikin sarari yana laluben sa ba. Ya san inda zai fito, ya san inda zai shiga. Wuraren nan biyu su ne mafaka ga maharin, su ne kuma makasa ga ɗan kasuwa.

'Yan tawaye sun gane wannan. Ƙananan jiragensu, X-wing da Y-wing, kowanne na da injin tsallensa da garkuwarsa. Sukan ɓullo su goma sha biyu, su ragargaza jiragen kaya ko su tilasta musu miƙa wuya, su ɓace kafin labari ya kai sansani. TIE na Daula kuwa ba shi da injin tsalle, ba shi da garkuwa; an yi shi ne da arha, a yi shi da yawa. Ba ya zuwa ko'ina sai an ɗauke shi. Idan har ana son TIE su kasance a wurin lokacin da mahara suka fito, sai an sami jirgin da zai goya su ya bi ayari ƙafa da ƙafa. Wannan shi ne aikin farko na Nebulon-B, kuma shi ya sa rabin bindigoginsa ƙanana ne masu saurin juyawa. Babbar bindiga ba ta samun ƙaramin jirgi mai zulliya.

Sai lissafin mutane. Ma'aikatan Star Destroyer guda sun isa su cika Nebulon-B 40. Star Destroyer ɗaya ayari ɗaya zai raka, komai ƙarfinsa, ba ya rabuwa biyu. Jirage 40 kuwa za su iya raka ayari 20, bibbiyu. Daular da ke mulkin duniyoyi masu ɗimbin yawa, kowace na jiran abinci da mai da makamai da albashin soja, yawan hanyoyin da take iya rufewa a rana ɗaya ya fi mata muhimmanci a kan ƙarfin jirgi guda.

Marubutan ba daga kansu suka ƙirƙiro wannan ba. An riga an yi irinsa a tekun Atilantika.

A Yaƙin Duniya na Ɗaya, manyan hafsoshin ruwan Birtaniya sun daɗe suna ƙin tara jiragen kasuwa su yi tafiya tare. Ganinsu shi ne tara su wuri guda tara wa abokin gaba abinci ne, kuma aikin jirgin yaƙi shi ne ya fita farauta. Suka yi ta sintiri cikin teku suna neman jiragen ƙarƙashin ruwa na Jamus, ba su cika samun su ba. A watan Afrilun 1917 kaɗai aka nutsar da jiragen kasuwa da nauyinsu ya haura tan 800,000. A watan Mayu aka fara gwada ayari da rakiya, asara kuma ta yi ƙasa sosai. Dalili biyu ne. Idan jirage 40 suka watsu ɗaiɗai, duk inda maharbi ya laɓe sai wani ya biyo ta gabansa. Idan suka haɗu wuri guda, teku ta zama wayam, yana iya kwana da kwanaki bai ga komai ba. Na biyu kuma, wanda ya fi burge ni, shi ne ayari yana tilasta wa mahari ya zo inda bindigogi suke. Wanda aka gaji da nema a fili, yunwa ce za ta kawo shi bakin ƙofa.

Da Yaƙi na Biyu ya zo a 1939, Birtaniya ta tarar ba ta da isassun jiragen rakiya. Sai ta ɗauki fasalin wani jirgin farautar manyan kifayen teku, ta ɗora masa babbar bindiga ɗaya da bama-baman da ake jefawa cikin ruwa. Su ne jiragen ajin Flower. Tsawon kowanne mita 62 ne kawai, gudunsa bai wuce kilomita 30 a awa ba, har jirgin ƙarƙashin ruwan Jamus idan ya taso sama ya ɗan fi shi gudu. Igiyar ruwa na wujijjiga shi, ma'aikatansa kullum a jiƙe. Amma ƙananan ma'aikatun jirage ma suna iya ƙera shi, sai da aka yi kusan 300 a Birtaniya da Kanada. Ba ya buƙatar ya fi mahari gudu. Ya isa ya fi jiragen kaya gudu, waɗanda wasunsu ke jan jiki a kilomita 13 a awa, ya tilasta wa mahari nutsewa har ayari ya wuce. Wannan yaƙi bai yi nisa da mu yadda ake zato ba. Gyaɗar da ake lodawa a tashar Ƙaura Namoda, inda layin dogo ya tsaya tun 1929, idan ta isa Legas aka zuba ta a jirgin ruwa mai zuwa Ingila, a Firitawun ta Saliyo ake tara jiragen su zama ayari, su kama hanyar Libaful da rakiya. Kafin yaƙin ya ƙare an nutsar da jiragen kasuwa wajen 3,500, Jamus kuma ta rasa jiragen ƙarƙashin ruwa 783.

Mutumin Zamfara ba ya buƙatar dogon bayani a nan. Duk wanda ya taɓa jiran rakiyar sojoji kafin ya bi hanyar Gusau zuwa Ɗansadau ya san yadda abin yake daga ciki. Motoci sukan taru, manya masu buhunan hatsi da ƙanana masu fasinja, direbobi na ta duba ruwa da taya, don kowa ya san abin da ake tsoro shi ne mota ta mutu a tsakiyar daji. Babu mai tafiya da gudun da yake so. Motar da ta fi kowa nauyi ita ke yanke wa kowa sauri. Idan wata ta lalace, shugaban rakiya na da zaɓi biyu, kowanne da ɗaci: ya tsayar da mutane da yawa a wuri mai haɗari saboda mota guda, ko ya raba 'yan motocinsa. Idan kuma aka yi harbi daga gefen hanya, babban kuskure shi ne 'yan rakiya su bar ayari su bi maharan cikin daji, domin sau da yawa abin da ake so su yi ke nan. Fasinja da ya sauka lafiya ba ya tambayar ɓarayi nawa aka kashe. Alhamdulillahi yake cewa, ya ɗauki kayansa. Da wannan ma'auni ake auna jirgin rakiya, na teku ne ko na sararin samaniya: nawa suka tashi, nawa suka isa.

Kwatancin a nan ya tsaya, kuma ya kamata a faɗa. A fim, Daula ce azzaluma, masu kai harin su ne ke kan gaskiya. A hanyoyinmu kuwa masu laɓewa a daji ba su da wani uzuri, talakawa suke kashewa suna sacewa. Amma akwai mutum ɗaya da matsayinsa bai sauya ba a duka biyun, wato matuƙin jirgin kaya. Finafinan ba su cika nuna shi ba. Shi ba soja ba ne, haya aka ɗauke shi ya kai kaya. Duk lokacin da na ga X-wing na zubo wa ayari, shi nake tunawa, kuma na san a idonsa babu abin da ya kai siririn jirgin nan da ke gefensa kyau.

Akwai wani lissafi da masana ƙarƙashin Patrick Blackett suka fitar wa rundunar ruwan Birtaniya a tsakiyar yaƙin, cewa babban ayari ya fi ƙarami aminci. 'Yan rakiya gefen ayari suke tsarewa, ba cikinsa ba. Idan ka ninka faɗin da'ira biyu, filin cikinta ya ninka huɗu, amma kewayenta biyu kawai ya ninka. Wato jiragen kaya ninki huɗu, 'yan rakiya ninki biyu sun ishe su. A sararin samaniya abin ya koma dunƙule, domin hari na iya zuwa ta sama ko ta ƙasa. Ninka faɗin biyu, cikinsa ya ninka takwas, bayansa ya ninka huɗu. Ribar tana nan, sai dai ƙaramin ayari ya fi shan wahala, don tun farko akwai fuskoki shida da za a tsare maimakon huɗu. Nebulon-B guda ɗaya ba zai iya ba, komai bindigoginsa. Nan ne TIE 24 ke shigowa: su ne hannuwan da yake miƙawa ɓangaren da jikinsa bai kai ba.

Yanzu ga maganar ƙugu.

A sararin samaniya babu iska, don haka babu dalilin da zai sa jirgi ya zama sumul kamar jirgin sama. Tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa tana zagaya duniya da gudun kilomita kusan 28,000 a awa, alhali jikinta wani dogon ƙarfe ne mai mita 109 da aka rataya wa faifan sola da faifan fitar da zafi. Bayan haka, nisanta injin mai ƙarfin nukiliya daga mutane dabara ce ta gaske. Tururin nukiliya mai cutarwa da ke fita daga irin wannan inji yana raguwa da nisa: ka ninka nisan biyu, abin da ke iso maka ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Nisa ya fi bangon dalma arha, ya fi shi rashin nauyi. Kumbon Voyager guda biyu da Amurka ta harba a 1977 ma a kan wani hannu da ya fita gefe aka ɗora musu batiran nukiliyarsu, don kada su dami na'urori. Wanda ya raba injunan Nebulon-B da mazaunin mutane 920 da dogon ƙugu, yana da hujjar da injiniya zai saurara. Ƙugun yana da wani amfanin kuma: wuri ne fili da wasu jirage ke iya maƙalewa su sauke mutane da kaya, kamar yadda Millennium Falcon, jirgin abokan Luke, ya yi a ƙarshen fim ɗin 1980.

Duk da haka ƙanena bai yi kuskure ba. Duk wutar da ke zuwa gaba, da duk umarnin da ke zuwa baya, ta wannan siririyar hanya suke bi. A fim ɗin Rogue One na 2016, da jirgin Darth Vader ya ɓullo a yaƙin da aka yi a duniyar Scarif, wani Nebulon-B da ya tsinci kansa a gabansa ta tsakiya aka raba shi. Abin da nake ja da shi kawai shi ne a ce wannan ya nuna jirgin banza ne. An ƙera shi ne don ƙananan mahara, waɗanda garkuwarsa ke iya shanye dukansu. Ranar da babban jirgin yaƙi ya fito wa ayari, babu jirgin rakiyar da ke da amsa mai daɗi, kuma tarihi ya nuna fuskokin abin guda biyu. A ranar 5 ga Nuwamban 1940, babban jirgin yaƙin Jamus Admiral Scheer ya tare ayarin jirage 37 da ke da ɗan rakiya ɗaya tak, Jervis Bay, tsohon jirgin fasinja da aka ɗora wa tsofaffin bindigogi. Kyaftin ɗinsa, Edward Fegen, ya umarci ayari ya watse, shi kuma ya nufi Scheer kai tsaye. Aka nutsar da shi, shi da mafi yawan mutanensa suka mutu, amma lokacin da ya saya da shigowar dare sun sa biyar kawai aka nutsar cikin ayarin. A Yulin 1942 kuwa, ayarin PQ 17 mai zuwa Tarayyar Sobiyat aka janye masa 'yan rakiya aka ce ya watse, don tsoron babban jirgin yaƙin Jamus Tirpitz, wanda a ƙarshe bai ma iso wurin ba. Jiragen sama da na ƙarƙashin ruwa suka bi su ɗaya bayan ɗaya. Cikin 35, 11 ne suka isa.

Inda nake ganin marubutan sun zarce shi ne batun TIE 24. Wanda ya ƙura wa hoton jirgin ido zai ga sashen gaba siriri ne ta faɗi, kuma masu bibiyar labarin sun daɗe suna gardamar inda za a cusa jirage 24 da man su da makanikansu, bayan mutane kusan dubu da abincin shekara biyu. An ƙera siffar ne don fim tun 1980, aka zo aka laƙaba mata alƙaluma bayan shekara bakwai. Ko rabin wannan adadi aka ce, da ya fi shiga hankali, kuma da bai rage wa jirgin aikinsa ba.

Masu son Star Trek, wani labarin sararin samaniya na daban, sukan kawo jirgin Defiant, wanda ya fito a 1994, su ce ga jirgin rakiya na gaske. A takarda haka aka rubuta shi. Amma an ƙera shi ne don yaƙar Borg, wasu manyan abokan gaba a wancan labarin: ƙarami, injinsa ya fi ƙarfin jikinsa, babu iyali a ciki, babu ɗakunan bincike, ga na'urar ɓuya da aka aro daga wata al'umma mai suna Romulan. Jirgin da ke ɓuya ya je ya kai duka ya dawo, maharbi ne. Ɗan rakiya so yake a gan shi tun daga nesa, don mai niyyar hari ya sake tunani.

Ƙarshen labarin Nebulon-B a hannun 'yan tawaye ya kasance. Sun ƙwace wasu, wasu kuma ma'aikatansu ne suka sauya sheƙa da su. Abubuwan da suka sa ya dace da Daula su suka sa ya dace da su: mutane kaɗan ke tuƙa shi, yana daɗewa bai nemi tasha ba, ga wurin ajiye ƙananan jirage. Kafin su sami manyan jiragen al'ummar Mon Calamari da ta mara musu baya, da irinsa suke shiga sahun gaba, aikin da ba don shi aka yi shi ba. Wasu kuma suka mai da su asibiti. Wanda aka yi jinyar Luke a ciki sunansa Redemption. An rage masa bindigogi, aka mai da wurin jirage ɗakunan jinya da tankunan bakta, ruwan maganin da ake tsoma mai rauni a ciki, har yana ɗaukar majinyata sama da 700.

Wannan gyara yana da tsada. Jirgin da aka cire wa haƙora ya koma cikin waɗanda ake rakawa. A yaƙin Endor na fim ɗin Return of the Jedi na 1983 an shigo da shi tsakiyar fage tare da sauran rundunar, kuma ana jin wani matuƙi na gargaɗin cewa jiragen Daula sun nufi asibitin. Duk X-wing ɗin da ya juya ya kare shi, an rage shi ne daga masu kai hari. Shugabannin tawaye sun shiga da shi ne da zaton za su yi wa Daula ba-zata, yaƙin ya zama gajere, masu rauni su sami gado a kusa. Da ta bayyana tarko aka ɗana musu, ga rundunar Daula ta rufe baya, ga Death Star, katafariyar tashar yaƙin Daula, na harbi ta gaba, babu sauran hanyar fitar da shi. Da sun bar shi tsalle ɗaya a baya tare da 'yan rakiya biyu, da masu rauni sun ɗan jira, amma da likitoci da gadaje 700 ba su shiga layin wuta ba.